Kafin ka zauna gaban manajan kamfanin tafiye-tafiyen karatu

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka cire kakin bautar ƙasa kuna zagaya ofisoshi da ambulan a hannu, akwai wata ƙofa da take yawan buɗewa a 'yan shekarun nan, kuma ina ganin da yawanku kuna faɗa mata da ka. Kamfanonin shirya tafiye-tafiyen karatu nake nufi. A Kano da Kaduna da Abuja, har Katsina da Sakkwato, za ka ga allunansu an jera ƙasashe reras: Masar, Indiya, Malesiya, Turkiyya, Yuganda, Ingila. Wasunsu aikinsu samo wa ɗalibi gurbin karatu, su bi masa biza, su yankar masa tikiti. Wasu kuma da makarantun firamare da sakandare suke hulɗa, suna kwasar yara zuwa Yankari ko Gidan Makama ko madatsar ruwa ta Kainji. Kowannensu yana buƙatar matashin da zai fita ya nemo masu biya. Kujerar ita ce ta ƙasa a gidan, ba a cika neman gogewa kafin a bayar da ita ba, kuma daga nan raini yake shigowa. Sai yaro ya ɗauka in dai yana da zaƙin baki, ya goge kaftani ya kafa hula, to ya gama shirin intabiyu.

Wanda ya sayar maka da shadda marar kyau, kuɗin shadda ka yi asara, gobe ka koma Kantin Kwari ka sake wata. Wanda ya tura maka ɗa jami'ar da ba a san da takardarta ba kuwa, ya cinye filin da ka sayar, ya cinye wa yaron shekara huɗu ko shida da ba za su dawo ba. Hajar da kake neman a ba ka ka tallata ke nan. Duk manajan da ya san ciwon kamfaninsa, abu ɗaya yake nema a tattare da kai tun daga sallama: wannan yaron zan iya tura shi gaban mahaifin wani in kwanta in yi barci? Sauran tambayoyinsa duk a nan suke ɓullewa.

To ka fara da sanin hajar. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka buɗe shafin kamfanin a Facebook ko Instagram, ka rubuta ƙasashe da jami'o'in da suke tallatawa, ka yi karatunsu kamar mai shirin jarrabawa. Ka bar hotunan dogayen gine-gine da dusar ƙanƙara, ka bi tambaya ɗaya: idan yaron ya dawo gida, takardarsa za ta ci? Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce take tantance digirin da aka samo a waje, kuma hukumar NYSC tana neman wannan tantancewar kafin ta ɗauki mutum bautar ƙasa. Wanda ya karanto likitanci sai ya zauna jarrabawar hukumar MDCN ya ci, sannan a ba shi lasisin duba marar lafiya a Najeriya. Iyaye da yawa ba sa jin wannan labari sai yaron ya dawo an gama walima.

Ka kuma san abin da ya faru a harkar cikin shekarun nan, domin iyayen da za ka zauna da su sun sani, wasunsu ma a jikinsu suka ji. A ƙarshen 2023 Umar Audu, ɗan jaridar Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun da aka samo daga Benin da Togo, kuma dakatarwar ba ta ware wanda ya saya da wanda ya zauna aji ya yi karatunsa tsakani da Allah ba. Da yawansu ejan ne ya kai su, ya ce musu babu matsala. A Fabrairun 2022 yaƙin Yukren ya tarwatsa ɗalibanmu, aka riƙa kwaso su ta Poland da Romaniya da Hangari. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fi taɓa mu a Arewa, saboda 'ya'yanmu ne birjik a Khartum, da yawansu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. An ɗebo su a bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a bakin iyaka kafin jirage su dawo da su, wasu kuma ta Port Sudan aka biyo da su. Akwai kuma Arewacin Saifurus, wanda Turkiyya kaɗai ta yarda ƙasa ce, wanda tun 2020 hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu can. Idan manaja ya ce maka, "Me ka sani game da wannan harka?" ka ambato masa irin waɗannan cikin natsuwa, ka nuna ka fahimci dalilin da ya sa iyaye suke ɗari-ɗari, ka riga ka bambanta da tara cikin goma na waɗanda ke zaune a benci suna jiran a kira su.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi karya gidaje. Kafin Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Bayan an saki naira, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara biyar a kan tsohon farashi, ya wayi gari kuɗin da ya tanada ko shekara biyu ba za su kai ba. A 2024 ɗin ne aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila waɗanda aka dakatar, har aka ce su bar ƙasar, don sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Saboda haka mai tallan da yake faɗa wa uba kuɗin shekarar farko kawai, a naira, ya yi shiru a kan sauran, ya cuce shi ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba. Ka shiga ɗakin nan ka iya haɗa lissafin gaba ɗaya: kuɗin makaranta, masauki, abinci, inshorar lafiya, sabunta takardar zama, tikitin zuwa da na dawowa, a ninka da yawan shekarun kwas ɗin. Da safen ranar ka tambayi nawa ake canjin dala a Wapa. In kamfanin yana kai mutane Ingila, ka san cewa tun Janairun 2024 an hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali, kuma kuɗin da za a nuna wa ofishin biza sai sun kwana 28 a jere a asusu. Ƙananan bayanai ne, amma su suke nuna wanda ya yi shiri.

Yawanci akwai lokacin da manajan zai jingina da kujera ya ce, "To ka ɗauka ni wani Alhaji ne, 'yata tana son likitanci a Masar. Shawo kaina." A nan mafi yawan matasa suke zubar da damarsu. Sai su kama zuba kamar rediyo, jami'a kaza ta fi kowace, kuɗinmu ya fi sauƙi, yanzu-yanzu za a rufe. Kai ka gaishe shi yadda za ka gai da uban wani, ka tambayi iyali, sannan ka fara tambaya. "Ranka ya daɗe, wace shekara ta gama sakandare? Ta samu kiredit a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, da Lissafi da Turanci? Ta gwada JAMB? Ita ce take son likitancin, ko shawarar gida ce? Akwai 'yan'uwa ko sanayya a can?" Ka bar shi ya yi magana, ka saurara da gaske. Uban da zai tura 'yarsa wata ƙasa, da wuya ya fara faɗin abin da ya fi damunsa. Bakinsa yana kan farashi, zuciyarsa tana kan inda yarinyar za ta kwana, da su wa za ta zauna, wa zai kai ta asibiti in ta kwanta ciwo, yaya sallarta da suturarta za su kasance. In ka kai ga wannan da kanka, ka yi bayanin masaukin mata da wanda ke kula da shi, ka ƙara da cewa a shirye kake ka yi wa Hajiya bayani ita ma, manajan zai gane ka san yadda ake yanke shawara a gidajenmu.

Daga nan zai jefo maka tambayar da ake gane mutum da ita: "Ka tabbatar min za ta samu biza?" Amsar ɗaya ce, kar ka kuskura ka lanƙwasa ta don ka burge. "Alhaji, biza ofishin jakadanci ne yake bayarwa, babu kamfanin da yake da iko a kanta. Abin da ke hannunmu shi ne mu tabbatar takardunta sun cika, babu na bogi a ciki, mu shirya ta yadda za ta amsa tambayoyi, mu kuma faɗa maka tun yau abin da za a mayar maka da abin da ba zai dawo ba idan aka hana." Manajan kirki wannan amsar yake jira. In kuwa ka ga ya ɓata fuska, ya ce ai ba haka ake ciniki ba, kwastoma kwantar masa da hankali ake yi, to ka gode wa Allah da ya nuna maka gidan tun ba ka shiga ba.

Haka in ya ce, "Wancan kamfanin ya fi ku sauƙi." Kar ka zagi wancan kamfanin. Ka tambaya me da me ke cikin farashin nasu, ku jera da naku a takarda. Sau da yawa sauƙin yana ɓoye ne a abin da ba a lissafa ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. An rene mu a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, kuma yabon kai jahilci ne. A tambayi ɗan Bahaushe abin da ya iya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Muna dai taɓawa." Ina ƙaunar wannan tarbiyya, kuma a wannan aikin jari ce, don dattijo ya fi sakin jiki da mai ladabi a kan mai rawar kai. Sai dai a ɗakin intabiyu, sunkuyar da kai da magana ciki-ciki tsoro ake ɗaukarsu, kuma ba a tura matsoraci ofishin shugaban makaranta. Ba sai ka yabi kanka ba, ka faɗi abin da ya faru kawai. Idan aka ce ba ka da gogewa, ka tuna zaman da ka yi a shagon babanka lokacin hutu, ko turare da atamfar da kika riƙa sayarwa ta WhatsApp kina jami'a, ko tafiyar ɗaliban sashenku da kai ka karɓi kuɗin kowa, ka yi cinikin mota, ka kawo lissafi ko sisi bai ɓata ba. Ka faɗe shi da adadi na gaskiya, kar ka ƙara gishiri, domin wanda ya daɗe a kasuwa yana jin ƙanshin ƙari daga nesa. In kana jin Larabci ko Faransanci ka faɗa. Hausarka ma ka lissafa ta, don yawancin cinikin da ita za a ƙulla shi, ko da takardun da Turanci suke.

Za a tambaye ka yadda kake ji idan aka ƙi ka. Ka nuna ka san mutanenmu ba su cika cewa a'a kai tsaye ba. "Sai na yi shawara," "bari mu gani," "zan neme ka," a cikinsu akwai wanda ya rufe ƙofa, akwai wanda da gaske shawarar zai yi, akwai mai jiran kaka ya sayar da amfanin gona. Aikinka ka bambance su, ka riƙe littafi ko jadawali a waya da sunan kowa da ranar da ya dace ka sake kira, ba tare da ka zame masa ƙarfen ƙafa ba. Ka kuma san lokutan kasuwar: bayan fitowar sakamakon WAEC da NECO, da lokacin da jami'o'in gida suka fitar da sunaye aka bar dubbai a waje, da lokacin yajin aiki irin na ASUU a 2022 da ya ɗauki wata takwas. A irin waɗannan lokutan iyaye a ƙage suke, kuma mutum a ƙage yana da sauƙin yaudara. Nan ne tsoron Allah yake aiki.

In kamfanin na yawon buɗe idon 'yan makaranta ne, mai sayenka daban ne. Mai makaranta ne, ko shugabanta, a bayansu kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, babu uwar da za a ce za a fita da ɗanta gari ya gari gabanta bai faɗi ba, duk da cewa waɗancan yaran a makarantunsu aka same su. Don haka kafin ka yi maganar giwayen Yankari, ka iya faɗin hanyar da za a bi, da ƙarfe nawa za a tashi, da tabbacin isa kafin magariba, malamai nawa a kowace mota, wace malama ce za ta kula da 'yan mata, takardar amincewar iyaye, asibiti mafi kusa, da wanda zai tsaya a bakin ruwan Wikki alhali yawancin yaran ba su iya iyo ba. Sannan ka haɗa tafiyar da darasi. Marinar Ƙofar Mata da Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu ta Daura tarihi ne da yaro zai gani da idonsa, Kainji kuma darasi ne na yadda ruwa yake zama wutar lantarki. Shugaban makaranta yana buƙatar abin da zai kare kansa da shi a gaban iyaye, kai za ka ba shi.

Maganar sutura da lokaci ba ta buƙatar dogon bayani. Kaya masu tsabta, na gida ko na Turawa, waya a kashe, ka isa da rabin awa a hannu, ka gai da mai gadi da sakatariya kamar yadda za ka gai da manajan. Ka je da kwafin takardunka, na asali ka nuna ka koma da abinka.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Idan aka ce, "Kana da tambaya?" kar ka ce babu. Kai ma tantance su ka zo yi, kuma kana da dalili mai ƙarfi. Sabon mai talla daga gida yake fara ciniki: ɗan kawunsa, 'yar maƙwabta, ƙanen abokinsa, mutanen masallacin unguwa. Ba don sunan kamfanin za su ba da kuɗinsu ba, don sun san gidanku ne. Ranar da abu ya lalace aka rufe ofis aka kashe waya, ƙofar mahaifinka za a yi sallama. To ka tambaya cikin ladabi: kamfanin yana da rajista da CAC? In suna yankan tikiti, suna cikin ƙungiyar NANTA, suna da shaidar IATA? In suna haɗawa da Umara, suna da lasisin NAHCON? Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da jami'o'in da suke tallatawa? Za ka iya magana da ɗalibi ɗaya ko biyu da suka tura? Kuɗin kwastoma asusun kamfani suke shiga ana ba da rasit, ko asusun wani mutum? Kamfani mai gaskiya daɗi yake ji a yi masa waɗannan tambayoyin.

Sai haƙƙinka. Kar kunya ta hana ka tambayar albashi. Yawancin irin wannan aiki ɗan albashi ne a ƙasa, kamasho a sama, wasu kuma kamashon ne zalla. Ka ji nawa ne tsayayyen, ka tuna mafi ƙarancin albashi a dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ko da ƙananan kamfanoni da yawa ba sa kaiwa nan. Ka ji yaushe kamashon yake zama naka: ranar da aka ba da kafin alƙalami, ko sai an cika kuɗi, ko sai ɗalibi ya tashi? In aka hana biza, za a zare shi daga albashinka? Mutum nawa ake so ka kawo a wata, kuma me zai faru in ba ka kai ba? Wa zai biya kuɗin mota da na kira da data? Wata nawa ne gwaji? Wanda aikinsa kamasho zalla ne, yunwa tana iya tura shi faɗin abin da ya san ba haka yake ba, shi ya sa wannan lissafin ya shafi mutuncinka kamar yadda ya shafi aljihunka.

Ke kuma ƙanwata, ki sani iyaye mata sun fi sakin jiki da mace idan maganar 'ya'yansu mata ce, wannan daraja ce da za ki iya faɗa a intabiyun. Amma ki tambayi yadda fita take, ke kaɗai za a riƙa turawa ko da abokiyar aiki, kuma ƙarfe nawa ake tashi. Intabiyun da aka ce a ɗakin otal za a yi, ko bayan isha'i, kar ki je.

Duk wanda ya ce sai kun biya kuɗin fom ko kuɗin horo kafin ya ɗauke ku, ko ya ce ku ajiye masa takardunku na asali a matsayin jingina, ku tashi ku ba shi wuri. In kuma Allah ya sa an dace, ku nemi duk abin da aka yi alkawari da baki a rubuta shi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ku kar ku jira wata ukun, ku nemi takardar kafin ku kira mutum na farko daga cikin danginku.